Layin da Na Ja Ƙarƙashin Mahamadu

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Malam lafiya lau, sai gwiwarsa ta hagu. 'Yata Bushira lafiya lau, tana ta ɗinkin zannuwan gado, saura mako shida bikinta. Rahina lafiya lau a Japan, ta ce sanyi ya fara. Ni ma lafiya. Ɗana Luƙman ne ba lafiya. Yana Yamai gidan ƙanwar Malam, ana wanke masa jini da inji sau biyu a mako, Talata da Juma'a.

Madam Angèle ce ta ba ni wannan kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ita ta koya mini baƙaƙe a ajin manya na bayan coci, ina da shekara arba'in da shida. Ta ce in abu ya cika mini ciki in zuba shi a takarda, takarda ba ta zuwa famfo.

Rahina 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta da baki ba. Da bik, wato alƙalami, ya fi sauƙi. Shekara huɗu ke nan tana can tana kiwon ɓeraye. Ranar da na faɗa wa matan unguwa sai da wata ta ajiye bokiti don dariya. Mu muna ɗana musu tarko a rumbu, ita gwamnati ta tura ta ta ba su abinci.

Jiya ta aiko da murya a wayar Bushira. Ta ce ɓerayenta farare ne, kowane da lamba a kunne. A cikinsu akwai wata zuriya da ake haifar wasu da ƙoda ƙarama wadda ba ta girma, kuma mazan da suka fito haka ba sa haihuwa. Uwa lafiya, uba lafiya, amma kowanensu yana ɗauke da rabin abin a ɓoye. In rabi ya gamu da rabi sai ya fito a ɗa. Aikinsu shi ne neman inda abin yake zaune a cikin jini. Ta ce kamar neman gidan mutum ne a Yamai ba wanda ya kwatanta maka. Sun gano unguwar, sun gano layin, yanzu ƙofa ƙofa suke bi.

Likitan Yamai ya ce ƙodar Luƙman tun haihuwa ba ta girma ba. Shi ya sa take so in zana mata danginmu. Namiji akwati, mace ƙwallo. Layi tsakanin miji da mata, wani layi ya sauka zuwa 'ya'ya. Duk wanda ya yi ciwon kumburi in cika shi da baƙi. Ta ce, "Inna, ba wanda ya kai ki sanin dangi, kuma yanzu kina da hannun rubutu."

Na ji daɗi da ta ce haka. Na rubuta don kada in manta na ji daɗi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi zanen a bayan tsohuwar kalanda. Murfin kwalba na ɗora na yi mata, dunƙulen magi na ɗora na yi maza. Kwana biyu ya ci mini. Mutum sittin da ɗaya.

Uku na cika da baƙi. Baffa Illo, ƙanin babana, mata uku ya aura ba ko ɓari, ya rasu ƙafafunsa kamar turmi. Yayana Mahamadu, shekara goma sha tara da rasuwa, shi ma haka ya kumbura. Sai Luƙman. Da na zo nasa na cika rabi na tashi na sha ruwa.

Malam ɗan baffana ne, don haka layinmu ya zagaya ya dawo ya haɗu kamar igiyar guga. Ban taɓa ganin haka ba sai a takarda.

Na ja layi tsakanin Mahamadu da matarsa Mubaraka. Saura wanda zai sauka zuwa Nafi'u, angon Bushira. Hannuna ya tsaya.

Bushira ta ce, "Inna, bik ɗin ya ƙare ne?"

Na ce bai ƙare ba. Na ja layin.

Ta karɓi bik ta yi ɗan fure kusa da akwatin Nafi'u, ta ɗauki hoto, ta aika.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da azahar

Nafi'u ya zo kasuwa daga Kiéché inda yake koyar da yara. Ya kawo mana wake daga gonar ubansa ta Kore Mairuwa. Tun daga zaure ya fara.

"Ina baiwata? A ce mata ɗan namiji ya zo, ta kawo ruwa da sauri."

Bushira ta ce daga ɗaki, "A ce wa mushen ƙauye randa tana inda ya bar ta. Ya wanke alli daga hannunsa kafin ya taɓa moɗa."

"Saura mako biyar, za ki ci ƙaniyarki."

"Saura mako biyar ka koyi wanka."

Tun suna yara haka suke, taubasai ne. Ba wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu, mu dai muka sa albarka. Da ya juya zai tafi masallaci Malam ya bi shi da kallo ya ce, "Dubi tafiyar nan. Mahamadu sak."

Na shiga ɗakin girki. Babu abin da ke kan wuta.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Amsar Rahina ta zo. Ta ce a kira babanta, a saurara tare. Muka zauna a tabarma mu uku, waya a tsakiya.

Ta fara da ba da haƙuri. Ta ce ɓera ba mutum ba ne, kuma ba ta rantse ciwonmu da na ɓerayenta ɗaya ne ba. Amma yadda ya bi gidanmu, yana tsallake iyaye yana kama 'ya'ya, haka yake bin nasu. Ta ce Kawu Mahamadu rabi biyu yake da shi, dole ya ba Nafi'u ɗaya, ba makawa. Bushira kuwa ƙanwar Luƙman ce, an fi zaton tana ɗauke da rabi. In duka biyun suna ɗauke, kowane ciki Bushira ta yi, ɗaya cikin huɗu ne ya zo kamar Luƙman.

Ta ce, "Na san za ku ce a gwada jini. Baba, ba mu san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba. Ko a ɓeraye ba mu kai ba tukuna. Takardar Inna kaɗai nake da ita."

Bushira aikin ungozoma take koyo. Da ba ta san komai ba da ta yi gardama, da ta yi kuka. Ta gane tun kafin yayarta ta gama. Ta tashi ta je ta fara ninke zannuwan gado, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba ta gama ɗinkawa ba, da allura a jiki.

Malam ya gyara zama. Ya ce, "Na wanke Illo. Na wanke Mahamadu. Ina kallon ɗana. Ba zan sa hannuna a na huɗu ba."

Takardar Inna kaɗai nake da ita. Haka ta ce.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da magariba

Bushira ba ta ci ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Luƙman ya kira bayan an sauke shi daga inji. Muryarsa kamar daga cikin rijiya, amma bakin nan nasa yana nan.

"Inna, na ji ni ne ɓeran gidan. Ki ce wa Rahina ta aiko da lambar kunnena."

Na ce ya bar wannan magana.

"Ai gara ɓerayenta, su ana ba su abinci da gishiri. Ni ko ruwa da murfin kwalba ake auna mini."

Sannan ya ce, "Da gaske saboda ni za a fasa?"

Na ce ba a fasa ba tukuna. Ya ce in ba Bushira wayar. Ta karɓa ta riƙe a kunne, ban ji ta ce komai ba sai "to", "to".

Akwai abin da likita ya ja Malam waje ya faɗa masa a watan jiya. Shekarar Luƙman ashirin da shida, gemu bai fito masa ba. Ba zan rubuta sauran ba. Ƙarƙashin akwatinsa dai babu layin da zai sauka.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Wata murya daga Rahina. Bushira ta ce tawa ce ni kaɗai, ta kunna ta ajiye mini ta fita.

"Inna, abu ɗaya ya hana ni sakat. Na liƙa takardarki a bango ina kallo. Baffa Illo bai haihu ba. Luƙman kin san abin da aka ce. A wajena namijin ɓera mai wannan ciwo, sama da ɗari huɗu na ƙirga da hannuna, ko ɗaya bai taɓa haihuwa ba. Kawu Mahamadu kaɗai ne. Malamina ya ce wataƙila a mutane wani yakan tsira. Zai yiwu. Ina dai tambaya ne, ko akwai inda hannunki ya zame a zanen? Mutum sittin da yawa."

Na saurara sau ɗaya. Ban san yadda ake sake kunnawa ba, kuma ban kira Bushira ba.

Da ta dawo ta ce, "Mi ta ce?"

Na ce gaisuwa ce.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da azahar

Na share tsakar gida sau uku. Hannuna bai zame ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Malam lafiya. Rahina lafiya. Luƙman yana nan yadda yake. Bushira kunu kaɗai take sha, zobenta ya fara juyawa a yatsa. Ta daina zuwa asibiti wajen koyon aiki. Ta ce ba ta iya ɗaukar jaririn kowa yanzu.

Nafi'u ya zo. Bai nemi baiwarsa ba. Ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa gaban Malam.

Ya ce, "Baba, na ji komai. In jinin babana ne ba zan ƙi shi ba. Ya bar mini gona, ya bar mini suna, in ya bar mini wannan ma na karɓa. Amma ku ba ni ita. Mun yi magana, za mu zauna ba haihuwa."

Malam ya ce, "Kai yaro ne. Ka san abin da ake ce wa matar da ta shekara biyar ba goyo? Ka tambayi uwarka, tara ta yi."

"Zan ce laifina ne."

"Ba za a yarda ba. Ba a taɓa yarda ba. Ita za a kai Lugu wajen masu bori, ita za a yi wa turare, ita za a ce doguwa ta hau. Kuma ranar da Allah ya kawo ciki duk da dabararku fa?"

 Malam ya ce ran Juma'a ɗaya ga watan gobe zai je Kore Mairuwa da kansa ya mayar da goro da kayan sa rana. Ya ce ya ba da kwanakin nan ne don a gama ɗaurin hatsi, kada a ce ya shiga gidan maraya da mugun labari amfanin gona yana ƙasa.

Da Nafi'u zai fita ya tsaya wajena ya ce, "Gwaggo, ke kin fi kowa sanin babana. Da yana nan mi zai ce?"

Na ce ban sani ba. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Shekarar da Mahamadu ya tafi cin rani Kamba, bayan an ɗaure hatsi, Mubaraka ta tafi wajen uwarta a wani ƙauye gabas da Lugu neman magani. Ina da cikin Luƙman. Da damina ta kusa aka aike ni in

Talata, da magariba

Ƙanwar Malam ta kira. Jinin Luƙman ya faɗi yana kan inji, sai da aka tsayar aka ɗaga ƙafafunsa. Ya farfaɗo. Ta ce wajen ƙarfe goma ne.

Wajen ƙarfe goma nake rubuta abin da ke sama.

Na sa kayen ƙarƙashin katifa. Na fito da shi. Na mayar.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na je wajen limamin unguwa, matarsa ta zauna tare da mu. Na ce tambayar wata mata ce. Ta yi rantsuwa da daɗewa cewa ba za ta faɗi wani abu ba, yanzu shirunta zai cuci wasu.

Ya ce, "Da mi ta rantse?"

Na ce da Allah, kuma da abin da ke cikinta. Ta ce in ta faɗa kada ta ga girmansa.

Ya girgiza kai. Ya ce rantsuwa da ɗa ba rantsuwa ba ce, kuskure ne, ta nemi gafara. Ran yaro ba a bakin uwarsa yake ba. Ta Allah kuwa, in warwarewa ta fi alheri, ta warware ta ciyar da mabukata goma.

Na ce, "To in ta faɗa yaron ya mutu fa?"

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare."

Na ce na gode. Shi ba ɗansa ba ne a kan inji.

Matarsa ta rako ni har ƙofa ta ce, "Ki gaida matar nan, Ladidi. Ki ce mata ta riƙa cin abinci, ta rame."

Alhamis, 24 ga Oktoba, da azahar

Na tuƙa tuwo da miyar kuka, kwano goma, na kai wa masu jinya da ke zaune a inuwar katangar asibiti. Malam ya ce sadakar Luƙman ce? Na ce e.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da la'asar

An sauke shi lafiya yau. Na zauna kusa da waya tun safe ban taɓa bik ba.

Bushira ta kwance furen da ta ɗinka a matashin kai. Zare ɗaya ɗaya take cirewa. Na ce ta bari. Ta ce, "Inna, ba komai. Yaya ta yi gaskiya. Na ga yadda kike kallon waya ran Talata da Juma'a. Ba na so in zama ke."

Ba da faɗa ta faɗa ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da magariba

Na je Kore Mairuwa na dawo. Na ce wa Malam barka da kaka zan kai.

Na tarar da Mubaraka tana sussukar wake ita kaɗai. Ta tsufa, haƙoranta na gaba sun tafi. Ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo fura. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Ta ce, "Uwar ɓeraye. Kin zo ki duba ko akwai lamba a kunnena?"

Na ce, "Kin san abin da ya kawo ni."

"Ban sani ba. Na tsufa, na manta abubuwa da yawa. Ke ma ya kamata ki manta."

Na ce yarinyata tana bushewa a tsaye. Na ce yaronta ya durƙusa yana roƙon a bar shi ya zauna ba zuriya saboda jinin da ba ya jikinsa.

Ta ajiye sandar. Ta duba ƙofa, ta duba katanga.

Ta ce, "Ladidi, shekara tara ana nuna ni da baki. An shayar da ni saiwar da ko akuya ba ta ci. An kwantar da ni gaban masu garaya har na suma. Ɗan'uwanki yana zaune da hularsa ba wanda ya ce masa ci kanka. Yaron nan kaɗai na samu a gidanku. Gonar nan da sunan Mahamadu yake nomanta. In magana ta fita, 'ya'yan baffanninku za su zo da igiya su auna ta kafin sati. Shi kuma ya kalle ni ya ce mini wa?"

Na ce ba zan faɗa wa gari ba. Babbar 'yata kaɗai.

"Rahina tana da baki."

"Ai tana can wata duniya."

"Waya ta haɗe duniya."

Na ce to in bar su su rabu ke nan? Ta ce mutane suna rabuwa kullum ba sa mutuwa. Na ce kin ga Bushira kuwa? Ta ɗauki sanda ta ci gaba da dukan wake. Na zauna har inuwa ta juya. Ba ta sake kallona ba.

Na tashi na yafa gyale. Na kai bakin ƙofa ta yi magana, ba ta ɗago kai ba.

"Rabo sunan uban. Mutanen wajen Lugu ne kaka da kakanni, ko a kasuwa ba su haɗa jini da ku ba. In mai ɓerayen ta tambaya, babu wanda ya taɓa kumbura a gidansu. Tsohonsu sai da ya ga jikan jika."

Na ce na ji.

Ta ce, "Ban ce ki faɗa ba."

Na ce na ji.

"In ya sani, Ladidi, ke za ki zo ki wanke ni."

A mota na riƙa maimaita sunan kada ya ɓace mini, ko da yake shekara ashirin da bakwai ban manta shi ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Wayata ba ta ɗaukar hoto. Ta Bushira ce ke yi, kuma ba zan ba ta takardar nan ta riƙe ba.

Na jira Madam Angèle ta fito daga coci. Na ce ta koya mini yadda ake ɗaukar hoton takarda a aika. Ta ce, "Ɗalibata ta zama sakatare." Muka gwada da takardar magani. Na farko babban yatsana ya fito, na biyu ƙafarta. Na shida ya yi. Ta sa lambar Rahina, ta nuna mini inda ake dannawa, da inda ake gogewa bayan ya tafi.

Ta ce gobe in zo in ɗauki wayar in shiga ɗakinta in rufe ƙofa. Ta ce, "Ni na koya miki karatu, amma na iya kallon bango."

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Rahina,

Babanki lafiya. Bushira ba lafiya, ko da yake ba inda ke mata ciwo. Luƙman gobe za a ɗora shi a inji. Ina so in gama wannan in aika kafin goben, don in na jira na ji yadda ya sauka ba zan iya ba.

Kin tambaye ni ko hannuna ya zame. Bai zame ba. Da sanina na ja layin.

Nafi'u ba ɗan Kawunki Mahamadu ba ne. Ba Mubaraka ta haife shi ba.

Kina da shekara uku, kawunki yana cin rani, aka aike ni in ɗauko Mubaraka daga wajen uwarta. Na isa da kwana ɗaya ƙanwar Mubaraka ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu kafin azahar. Mijinta Rabo ya rasu a kudu tun cikin yana wata huɗu. Muka rage mu uku a ɗaki da jariri, ni da Mubaraka da tsohuwa. Tsohuwa ce ta fara kallon Mubaraka. Ba wanda ya ce a yi. Aka aika wa dangin Rabo cewa an rufe uwa da ɗa tare.

Ni na dawo gaba na kai labari gida gida, cewa Mubaraka ta sauka, ta ɓoye cikin ne don tsoron baki bayan shekara tara. Kowa ya yarda saboda ni ƙanwar miji ce, ba a zaton zan yi wa gidanmu ƙarya. Kawunki ya dawo da ruwan farko ya tarar da ɗa. Ya ɗauke shi ya daɗe yana kallo, ya yanka rago biyu. Har ya rasu bai tambaye ni komai ba. Ban san abin da ya sani ba.

Akuya ce ta fara shayar da shi, daga baya tsohuwa ta jiƙa wa Mubaraka magani nono ya zo. Ni ban taɓa ba shi nawa ba ko sau ɗaya, ta wannan gefen aurensu halal ne. Dangin Rabo ba su haɗa jini da mu ba, kuma babu mai kumburi a cikinsu. Mubaraka ba ta da dangantaka da mu sai aure.

Na rantse a ɗakin nan da cikin Luƙman cewa ba zan faɗa ba. Na san rubutu ma faɗa ne, ba na yi wa Allah wayo. Liman ya ce ran ɗa ba a bakin uwa yake ba. Ke ma na san za ki ce ƙodarsa tun kafin rantsuwar take ƙarama. Na ji ku duka. Tsoron dai bai tafi ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ɓerayenki ba su yi ƙarya ba. Ni na yi.

Abu biyu nake tambaya. Ki ɗauki takardar da ke bangonki ki goge layin da ke ƙarƙashin Mahamadu, ki sake dubawa. In babu shi, Bushira za ta iya auren Nafi'u ta haihu kamar kowa? Ki faɗa mini gaskiya ko ba daɗi.

Na biyu ya fi nauyi. In amsar e ce, ki kira babanki ki ce masa kin sake dubawa, a bar auren. Kada ki faɗa masa dalili. Kada Bushira ta ji, kada Nafi'u ya ji. Na san ba a koya miki faɗin rabin magana ba a inda kike. Ban ce ki yi ƙarya ba, ki nemo gaskiyar da za ta ishe shi ki tsaya nan. Maganarki ya ji ya fasa, maganarki kaɗai zai ji ya bari. Na ɗauki abin nan shekara ashirin da bakwai, yau na ɗora miki rabi, ki yafe mini.

Kada ki amsa a wayar Bushira. Ki amsa a wannan lamba, ta Madam Angèle ce. Zan riƙa zuwa kullum da hantsi, lokacin yamma ta yi a wajenku kin fito daga ɗakin ɓeraye.

Babanki ya sa an wanke farar rigarsa. Goron yana cikin jiƙaƙƙen buhu a zaure, kullum yana yayyafa masa ruwa don ya mayar da shi yadda aka kawo. Motar farko zai shiga ran Juma'a. Ki amsa kafin magaribar Alhamis, Rahina.

Ni ce,
Innarki